In ɓera da sata, wai daddawa ma da wari

Tun lokacin da rigimar Sanata Natasha da Akpabio ta ɓarke nake son rubuta wannan abun amma ina ta jan ƙafa, sabida na san halin mutanenmu, kana buɗe baki za a ce ai an biya ka ne, ko a ce kai ɗan adawa ne, in ma aka ga dama a liƙa maka boko aƙida a wuce wajen. Abin da ya ingiza ni shi ne wata hira da muka yi a majalisarmu bayan isha'i, inda wani abokina wanda wallahi mutumin kirki ne, sahun gaba a masallaci, ya yanke hukunci a cikin numfashi ɗaya ya ce ai matar nan dama kana ganin shigarta ka san me ake ciki, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Aka kwashe da dariya. Na ce masa to yanzu kai ka yarda an yi satar kenan tunda har ka kira ɓera? Ya ce a'a shi bai ce an yi ba. Na ce to in ba a yi ba me ya kawo warin daddawa? Sai ya ce in bar shi da dogon turanci.

Bari in tuna mana yadda abin ya faru don wasu sun manta, wasu kuma dama kanun labari kawai suka gani a Facebook. A watan Fabrairun 2025 aka canza wa Natasha Akpoti-Uduaghan, mai wakiltar Kogi ta Tsakiya, kujerar zama a zauren majalisar dattawa, ta ƙi komawa sabuwar, aka yi cacar baki. Bayan 'yan kwanaki ta fito a tashar Arise ta ce asalin matsalar shi ne shugaban majalisar, Godswill Akpabio, ya neme ta da lalata ta ƙi. Shi kuma ya musanta, ya ce bai taɓa cin zarafin wata mace ba. Ta rubuta ƙorafi, kwamitin ɗa'a na Sanata Neda Imasuen ya yi watsi da shi a kan cewa ita ta sa hannu da kanta, wai ƙa'idar majalisa ba ta yarda da haka ba. Ranar 6 ga Maris, saura kwana biyu a yi bikin ranar mata ta duniya, aka dakatar da ita wata shida, aka rufe ofishinta, kuma wanda ya jagoranci zaman da aka yi hakan shi ne dai mutumin da take zargi. Majalisa ta ce ba don zargin aka hukunta ta ba, don rashin ɗa'a ne a kan maganar kujera. A watan Yuli mai shari'a Binta Nyako ta babbar kotun tarayya ta ce wata shidan ya yi yawa, amma ita ma Natashar ta ci ta tarar naira miliyan 5 kan raina kotu.

Ni fa ban ce Akpabio ya aikata ba. Ban san abin da ya faru tsakaninsu ba, kai ma mai karatu ba ka sani ba, abokina na majalisa ma bai sani ba. Abin da kowa ya gani da idonsa shi ne an kawo ƙara, wanda ake ƙara yana zaune a kujerar alƙali, mai ƙara ta tafi gida. Ko a gaban mai unguwa ba a yin haka, in dai rigimar ta shafe shi tashi yake a kai wa dagaci.

Wasu za su ce ai maza ma ana dakatar da su, kuma gaskiya ne. An dakatar da Ali Ndume wata shida a 2017, an dakatar da Abdul Ningi wata uku a 2024 lokacin da ya yi maganar cushe a kasafin kuɗi. Amma ku lura da laifin nasu, duk shugabancin majalisa suka taɓa. Sannan ku tuna Sanata Elisha Abbo na Adamawa, wanda a 2019 bidiyo ya fito ƙiri-ƙiri yana sharara wa wata mata mari a wani shago a Abuja, ba zargi ba ne ba jita-jita ba, kyamara ce ta ɗauka, shi da kansa ya fito yana hawaye yana ba da haƙuri, daga baya kotu ta ce ya biya ta naira miliyan 50, amma yana nan daram a kujerarsa har ya ƙarasa zangonsa. Kenan a waccan majalisar in ka taɓa shugaba ka tafi gida, in ka taɓa mace a kafa kwamiti a sha shayi. Majalisar da ke da kujera 109 mata huɗu ne kacal a ciki, to wa ma zai ɗaga murya.

Sai kuma ɓangaren siyasa wanda shi ne ya fi ba ni dariya da takaici a lokaci guda. 'Yan adawa suka zama masu kare haƙƙin mata dare ɗaya, mutanen da na san ko matansu ba sa bari su yi magana a gida suka koma rubuta tsayawa da Natasha, sabida Akpabio ɗan APC ne. Sojojin bakan gwamnati kuma suka bazama tono tarihin aurenta da hotunanta, kamar yawan auren mace shi ne hujjar ba za a neme ta ba. Amma lokacin da Abbo ya yi marin nan ɗan PDP ne, kuma na tuna sarai su wa suka yi ta cewa a yi masa uzuri yaro ne, su wa kuma suka ce a ɗaure shi, da ya koma APC a 2020 sai aka yi musanyen baki. Shi kansa Akpabio har 2018 jigo ne a PDP, shekara takwas yana gwamnan Akwa Ibom a ƙarƙashinta. Da a ce wannan zargin a wancan lokacin ya fito, wallahi waɗanda ke kare shi yau su ne za su fi kowa zaginsa, masu zaginsa kuma su ne za su ce sharrin 'yan adawa ne. Ba wanda ya damu da matar, tambayar kullum ita ce mutumin namu ne ko nasu.

Haka abin yake in aka zo addini, har ma ya fi muni. A 2019 da Busola Dakolo ta zargi fasto Biodun Fatoyinbo na cocin COZA da yi mata fyaɗe tun tana yarinya, shi kuma ya musanta, daga baya kotu ta kori ƙarar, a nan Arewa ba wanda ya tsaya neman shaida, yaɗawa kawai aka yi ta yi ana ga fastocin nasu nan. A wannan shekarar dai, watanni kaɗan kafin nan, 'yan matanmu na Arewa suka fara ba da labarin abin da aka yi musu a ƙarƙashin ArewaMeToo, wasu a gidajensu, wasu a makarantun boko, wasu a Islamiyya, sai ga mu mun tashi haiƙan wai turawa ne suka turo su su ɓata addini da al'ada, har 'yan sandan SARS suka je Kaduna suka kama Maryam Awaisu, ɗaya daga cikin masu taimaka wa 'yan matan. Mutum ɗaya, waya ɗaya, wata huɗu tsakani, a can ya gaskata mace ba tare da shaida ba a nan kuma ya ƙaryata mata da yawa ba tare da ya saurare su ba. 'Yan kudu ma haka suke mana, in labarin malami ne ya fito su yi ta biki, in na fasto ne su ce kar a taɓa shafaffen Ubangiji. Laifi tudu ne dai.

Yanzu maganar shaidu huɗu, don ita ce sandar da ake fara ɗaukowa. Da mace ta ce wane ya matsa min sai ka ji an ce ina shaidunki huɗu, in babu bulala tamanin. Ni ba malami ba ne amma na zauna gaban malamai, kuma abin da aya ta 4 a Suratun Nur take magana a kai shi ne jifan mutum da zina. Wadda ta ce lakcara ya ce sai ta same shi a otal kafin ta ci jarabawa, ko oga ya rufe ƙofar ofis ya kama hannunta, ko yana turo mata saƙon batsa da tsakar dare, ba ta ce an yi zina ba, ƙarar zalunci ta kawo, kuma fiƙihu yana da babin ta'aziri na laifukan da ba su kai haddi ba, alƙali yana duba alamomi ya yi hukunci. Wa zai nemi mace da lalata a gaban mutum huɗu adilai dan Allah? Abin mamakin ma ayar nan kare mutuncin mata ta sauko yi, mu kuma muka juya ta ta zama abin rufe musu baki, sannan mu ɗin dai muke kwana muna kiran 'yan fim da 'yan TikTok karuwai da sunansu da hotonsu ba shaida ko ɗaya, ba wanda ya tuna bulala tamanin a lokacin.

Ku koma Suratu Yusuf ku karanta a nutse, komai yana ciki. Mace ce ta yi ƙarya a can, don haka masu cewa mace ba ta ƙarya su ma su ji, ƙazafi gaskiya ne kuma yana rusa mutum, na san wanda aka yi wa ya rasa aikinsa da aurensa. Amma dubi yadda aka gano gaskiya, ba a ce kawo mutum huɗu ba, ba a kuma ce ai matar babban mutum ce ba za ta yi haka ba, cewa aka yi a duba rigar, in ta gaba ta yage ita ce mai gaskiya, in ta baya ce shi ne mai gaskiya. Bincike kenan. Sannan dubi abin da ya biyo baya, an ga rigar, an san mai laifi, maigidan ya ce Yusufu ka kau da kai daga wannan maganar, wato a rufa asiri, ƙarshe kuma wanda aka zalunta shi ya tafi kurkuku shekaru sabida shi bawa ne ita kuma matar Azizu ce. Wanda ke da iko shi ke nema, shi ke musantawa, shi ke ɗaurewa, ko mace ce ko namiji. A ƙasarmu dai mun san a hannun wa ikon ya fi yawa, a ofis da jami'a da majalisa da cikin gida.

Kuma in ana maganar shiga, wanda ba na musun cewa addini ya yi umarni da suturta jiki, a Suratun Nur ɗin nan aya ta 30 maza aka fara cewa su runtse idanunsu kafin a zo kan mata a ta 31. Mu mun haddace ta biyun mun tsallake ta farkon. Yaran da ake lalatawa 'yan shekara biyar da shida da muke ji a rediyo kusan kullum, wace shiga suka yi? Matan da ke cikin hijabi har ƙasa da ake matsa a layin asibiti da cikin Adaidaita fa?

Mun ma taɓa ganin wannan a farkon dawo da shari'a. Safiya Hussaini a Sakkwato a 2001, Amina Lawal a Katsina a 2002, duk matan ƙauye ne talakawa, aka yanke musu jifa sabida ciki ya nuna, mazan da suka ambata kuma aka sallame su don babu shaida a kansu. Kotunan ɗaukaka ƙara na shari'ar Musulunci ne da kansu suka wanke su daga baya, wanda ke nuna ba shari'ar ce ta gaza ba, masu gaggawar fara ta a kan marasa gata ne. Shekara ashirin da ɗoriya yanzu, ku faɗa min babban mutum ɗaya da aka tsayar a irin wannan kotun kan irin wannan laifin. Amma Rahama Sadau a 2016 kwana nawa aka ɗauka kafin MOPPAN, ƙungiyar masu shirya fina-finai, ta kore ta kan bidiyon waƙa? Manzon Allah (SAW) da aka zo neman alfarma wa matar nan ta Banu Makhzum da ta yi sata, ai cewa ya yi abin da ya halaka mutanen da shi ne in babba ya yi a ƙyale shi in mai rauni ya yi a tsayar masa da haddi, muna jin hadisin nan a wa'azi muna girgiza kai kamar da wasu ake.

Abin da nake nema bai da yawa. A saurari mai ƙara ba tare da an fara tambayar me ta saka ko me ya kai ta ba, a saurari wanda ake ƙara ba tare da an rataye shi a intanet kafin ya buɗe baki ba, wanda ake zargi kuma ya tashi daga kujerar alƙali har a gama. Ana iya yi in an so, Farfesa Richard Akindele na jami'ar Ife shekara biyu kotu ta ɗaure shi a 2018, amma fa sai da ɗalibar ta naɗi muryarsa a waya duniya ta ji, wadda ba ta da dabarar naɗa ko ta ji tsoro shikenan ta sha.

Akwai 'yar wata 'yar uwata da wani malami ya kayar sau biyu a kwas ɗinsa a wata babbar makaranta, yarinyar da ba ta taɓa faɗuwa ba tun firamare. Sai da uwar ta matsa mata sannan ta nuna saƙonnin da yake turo mata, na gani da idona. Aka yi zaman gida, na ce mu kai ƙara, kawunta ya ce in aka ji wa zai aure ta, kuma mutumin yana da iyali, a bar shi da Allah. Aka cire ta daga makarantar aka ce wa maƙwabta kuɗin rajista ne ya gagara. Malamin yana nan yana koyarwa. Kawun nata kuma, a rigimar Natasha, yana cikin waɗanda suka fi kowa rubutu a Facebook cewa dole a yi wa mata adalci a ƙasar nan, don shi ɗan adawa ne na gani kashe ni.