"Hit the road" ba hatsari ba ne

Yana damuna yadda masu koyon Turanci da yawa ke ɗaukar "hit the road" a matsayin faɗuwa kan titi ko hatsarin mota. Suna da hujja, domin a makaranta an koya mana "hit" bugu ne. Amma a maganar yau da kullum, musamman a Amurka, ma'anarsa kama hanya. Mu ma da muke cewa kama hanya, ba wanda ke damƙe titi da hannu. Idan abokin tafiya ya gama ɗaure kaya da asuba ya ce "let's hit the road", nufinsa mu tashi mu tafi. Sai dai a kula: idan aka faɗa wa mutum cikin fushi, korarsa ake yi.