Kaurin wando ba shi ne kariya ba a kan mashin

Wallahi abin nan yana damuna, da yawa cikin 'yan uwanmu masu kai saƙo da mashin a nan Jidda sun ɗauka in dai wandon jins ne mai kauri ko jaket mai nauyi to shikenan ko an faɗi fata ta tsira. Ban ga laifinsu ba, in ka taɓa shi za ka ji da ƙarfi, ga zafin garin nan wa zai so ƙarin kaya.

Amma kwalta gurza take yi kamar samfefa, shi kuma jins auduga ce, zarenta nan da nan yake tsinkewa. Wani ƙanina ya zame a shataletale, gudun ma ba wani mai yawa ba, wandon ya yage a gwiwa, sai da aka yi ta wanke ciwon ana tsince masa yashi a ciki. Jaket ɗin roba mai araha kuwa ya fi muni don zafin gurzar yana iya narkar da shi ya manne a jiki.

Abin da ke jurewa shi ne fatar saniya mai kaurin milimita 1.2 zuwa 1.4, ko yadin Cordura, wato yadin nailan mai jure gurza, ko jins da aka yi wa shafi da Kevlar, wani zare mai ƙarfi sosai, a gwiwa da ƙugu. Ka duba lambar EN 17092 a jikin kayan, wato ma'aunin Turai na ƙarfin kayan hawa mashin, akwai A da AA da AAA, AAA ya fi ƙarfi. Ka ja ɗinkin ma ka gani don sau da yawa shi ke fara buɗewa. Saboda zafi kuma akwai jaket mai raga-raga da iska ke ratsawa, an ƙarfafa kafaɗa da gwiwar hannu.