Kayan yajin tukunya suna faɗin wa aka dafa wa

Jama'a, ku ɗanɗana miyar gidan biki a Sakkwato yanzu, daga Mabera har Gidan Igwai, za ku ji kusan duk ɗanɗano ɗaya gare su: dunƙule goma, farin magi, kori. Wannan abu yana damuna, domin a girkinmu abin da mace ta jefa a turmi yana nuna wanda ta yi niyyar ciyarwa da irin matsayinsa a wurinta.

Ɗauki daddawa. Kalwar ɗorawa ake dafawa yini guda, a surfe, a wanke, a sake dafawa, a rufe kwana 2 ko 3 har ta ruɓa yadda ake so, sannan a kirɓa a shanya. Shi ya sa uwa ke sa ta cikin garar 'yarta tare da gishiri: tana ba ta tushen miyar gidansu ne ta tafi da shi. A miyar kuka ta mutum shida, ƙwaya biyu sun isa. A daka su da albasa, barkono da ɗan yankin citta, a zuba tun ruwa bai tafasa ba, a bar su su nuna sosai kafin a kaɗa kuka. Mai cewa daddawa wari gare ta, galibi a ƙarshe ta jefa ta, ba ta dahu ba. Daddawar batso kuwa, ta 'ya'yan sure, wato yakuwa, ta fi ƙarfi, rabin wancan awo ya wadatar.

Inda maganar ta fi fitowa fili shi ne yajin jego. Citta, masoro, kimba, kanumfari, tafarnuwa, barkono, daddawa da gishiri. Gwaggo ko kaka ke zama ta daka shi da hannunta, kuma kowace maijego ta san cewa gwangwanin nan da aka aiko mata kulawa ce, ana so ta ci abinci da kyau jikinta ya dawo. Amma yana da ƙa'ida. Citta ta fi kowa yawa, masoro rabinta, kanumfari ɗan kaɗan, don in ya yi yawa ɗaci yake kawowa ya kashe harshe. Kimba a fasa ta a zubar da 'ya'yan, su ne masu ɗaci, ɓawon ake so. Komai ya bushe ƙarau kafin ya shiga turmi, in ba haka ba yajin ya dunƙule ya yi fumfuna. Kuma don Allah a sassauta kanwa a kunun maijego. Likitoci sun daɗe suna gargaɗi cewa yawanta na wahalar da zuciyar mace bayan haihuwa, musamman mai hawan jini. Ƙauna ba ta buƙatar a cika ludayi.

Baƙo na da nasa: man shanu soyayye da albasa a kan tuwo. Wuta kaɗan, albasa ta yi ja, a sauke kafin ta ƙone. Tsoho kuma ana rage masa barkono da gishiri, a ƙara daddawa da busasshen kifi don kada miyar ta yi lami. Girmamawa ke nan, ba rowa ba.

Abin da ya fi ba ni takaici, albasa da tafarnuwar Goronyo da Wurno motoci ke kwasarsu zuwa kudu, mu da ke zaune kusa da gonar muna ɓoye ƙamshinsu a ƙarƙashin sinadarin leda. Ban ce a jefar da dunƙule ba. A tukunyar mutum shida biyu sun isa, a sa su bayan kayan turmi sun nuna, a ɗanɗana kafin a ƙara gishiri domin dunƙulen kansa akwai gishiri a cikinsa. Tafarnuwa kuma a bar ta sai albasa ta yi laushi a mai, in ta riga shiga ƙonewa take yi, ɗacinta ya bi miyar gaba ɗaya.