Ƙanina ya daina jin yunwa

Daren Juma'ar da ta wuce, wajen ƙarfe biyu, na leƙa ɗakin samarin gidanmu na tarar da ƙanina rakuɓe a jikin soket, waya na caji yana buga gem ɗin Free Fire. Tuwon da Umma ta aika masa tun bayan isha'i na gefe, ya sandare. Sauro ya yi masa kaca-kaca da ƙafa, ko susa bai yi ba. Da na ce ya tashi, sai ya tafi luu zai faɗi, ashe ƙafar ta daɗe da sagewa bai sani ba.

Washegari na zaunar da shi. Ya ce, "Yaya, wallahi in ina ciki ba na jin yunwa, ba na jin fitsari. In na ajiye wayar kuma, sai in kalli hannuna in ji kamar aro mini shi aka yi."

Maganar nan ta tsaya mini a rai. Mu a gida faɗanmu kullum kuɗin data ne, da karatu, da makara sallar asuba. Babu wanda ya lura yaron ya daina jin kiran jikinsa. Kuma abin ba ƙarami ba ne. A 2005 wani matashi ɗan shekara 28 ya yanke jiki ya mutu a birnin Daegu na Koriya ta Kudu bayan ya shafe kusan awa 50 yana buga gem a shagon intanet, ba abincin kirki ba barci. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar gem cikin jerin cututtuka: mutum ya kasa tsayawa, ya fifita wasan a kan komai, ya ci gaba ko da yana ganin illar, har tsawon shekara guda.

Baba ya ce a ƙwace wayar kawai. China ma ta bi hanyar takurawa, tun 2021 yara awa uku kacal aka yarje musu su buga gem ta intanet a mako. Ni dai ban yarda ƙwacewa ta isa ba, domin na san abin da ya kora shi ciki. Ƙanina siriri ne, ga in'ina, tun yana firamare 'yan layinmu ke kwaikwayon maganarsa. A cikin wasan kuwa ƙaƙƙarfa ne, shi ake jira kafin a shiga fage. Ka raba shi da wayar, ka mayar da shi jikin da yake jin kunyarsa, me ka gyara?

Yanzu bayan la'asar tare muke fita, ni da shi kaɗai, mu taka har bakin kasuwa mu dawo da ƙafa. A hanya nakan tambaye shi, ka gaji? Ƙishirwa fa? Ranar farko shiru ya yi ya daɗe, kamar na yi masa tambayar jarrabawa. Har yanzu yana buga gem ɗinsa da dare, ban hana shi ba. Jiya dai da muka dawo, shi da bakinsa ya tambayi Umma ko akwai sauran abinci.