Injiniyan da ya tura ɗalibai wurin aiki

A shekarar 1920 kwalejin Antioch da ke garin Yellow Springs a jihar Ohio ta Amurka tana gab da durƙushewa: ɗalibai 'yan ƙalilan, asusu babu komai. Sai aka miƙa ragamarta ga Arthur Morgan, mutumin da ko digiri bai kammala ba. Injiniyan ruwa ne. Shi ya tsara madatsun ruwa biyar bayan ambaliyar 1913 da ta yi wa birnin Dayton kaca-kaca.

A 1921 ya kawo tsarinsa. Ɗalibai biyu su riƙe gurbin aiki ɗaya: wannan na aji, wancan na masana'anta ko asibiti ko ofishin jarida, bayan 'yan makonni su yi musaya. Herman Schneider ya riga shi farawa a Jami'ar Cincinnati tun 1906, amma ga masu karatun injiniya. Morgan ya ce har mai karanta falsafa da adabi sai ya taɓa aiki da hannunsa, ya karɓi albashi, ya san zafin makara da faɗan shugaban ma'aikata.

A nan nake ganin ya yi daidai. Da aikin ya zama ƙashin bayan karatun, dole kwalejin ta nemo wa ɗalibi gurbi, ta bi sawunsa, ta tambaye shi abin da ya koyo. Mu ma a Najeriya muna da SIWES, shirin tura ɗalibai koyon aiki a ma'aikatu, tun 1973, sai dai ɗalibi kan yi ta yawo da takarda ofis-ofis yana roƙon a karɓe shi. Na ga wanda ya shafe wata shida yana sayo wa ma'aikata abinci, ranar ƙarshe aka sa masa hannu a littafi.

Masu suka na da hujja. Karatun Antioch ya fi na sauran kwalejoji tsawo, kuma akwai mai kamfanin da arhar lebura kawai yake nema. Morgan kansa mutum ne mai taurin kai. Shugaban Amurka Franklin Roosevelt ya naɗa shi shugaban hukumar raya kwarin Tennessee a 1933, ya sauke shi a 1938 bayan rigima da abokan aikinsa.

Tsarin dai ya fi mai shi daɗewa. Rashin kuɗi ya rufe kwalejin a 2008, tsofaffin ɗalibanta suka tashi tsaye aka sake buɗe ta a 2011, suka kuma dawo da tura ɗalibai wurin aiki cikin manhajar.