Rolling Stones ba su bar gida ba

Wani marubuci ya ce wai da Rolling Stones, ƙungiyar mawaƙan Ingila, suka fara taɓa kiɗan country na karkarar Amurka sun juya wa kiɗan blues na baƙaƙen fatan Amurka baya. Ban yarda ba sam. Tun da suka haɗu a Landan a 1962, sunansu ma daga waƙar mawaƙin blues Muddy Waters suka ɗauko shi. Abotar da makaɗin jitarsu Keith Richards ya ƙulla da mawaƙin country Gram Parsons a 1968 ce ta ƙara jawo shi ga country, sai ga waƙarsu "Country Honk" a 1969, da goge a cikinta. Amma ku duba faifan Sticky Fingers na 1971: waƙar country "Dead Flowers" na ciki, tsohuwar waƙar blues "You Gotta Move" ma na ciki. Ina watsin yake? Kai kuma ɗan'uwa mai cewa country kiɗan farare ne zalla, banjo fa, abin kiɗan nan mai tsirkiya da ake kaɗawa a country, bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka haifar da shi, dangin molo da gurmi ne. Ray Charles, mawaƙi baƙar fata na Amurka, ya fitar da faifan country sukutum a 1962, shi ma za ka ce ya bar gida?