Yadda yaran gidanmu suka kama ɓarawo da miyar karkashi

Da an rufe makarantu a watan Disamba, Yaya sai ta tattaro 'ya'yanta uku ta sauke mana su a Kaduna, wai su zo su ga kakarsu. Su haɗu da namu biyu, su zama biyar, mu kuma manya mu shiga uku. Bana rigimar duk a kan wayata take: wannan ya ce shi ya fara riƙewa, waccan ta ce an cinye mata caji. Da na gaji da shari'a, sai na ce kowa ya zauna, yau zan nuna musu fim ɗin da ya sa muka riƙa birgima a ƙasa muna yara, lokacin da kallo sai an je gidan maƙwabta masu bidiyon kaset, a ci shinkafar Kirsimeti da kaza, a kalli fim, a dawo gida a sha faɗa.

Home Alone ke nan, na 1990. Har yau ina nan a kan bakana: a duk finafinan barkwanci da Amurkawa ke fito da su don Kirsimeti, ban ga wanda ya kamo ƙafarsa ba. John Hughes ne ya rubuta, Chris Columbus ya ba da umarni, aka kashe dala miliyan 18 wajen yin sa, ya kwaso sama da miliyan 470 a faɗin duniya. Labarin kuwa ko ɗan goye zai gane. Wani iyali a gefen birnin Shikago za su tafi Faris hutun Kirsimeti, su goma sha biyar. Da dare iska ta karya reshen bishiya ya faɗa kan wayar lantarki, agogon da zai tashe su ya mutu, suka makara.

"Kawu, ashe su ma ana ɗauke musu wuta?" in ji autan Yaya, cike da murna.

A cikin gaggawa wata yarinya ta ƙirga kawunan yara, ta haɗa da ɗan maƙwabta da ya zo leƙen mota, lissafi ya cika goma sha ɗaya, aka tashi. Sai da jirgi ya lula sama uwar ta tuna Kevin, ɗan shekara takwas, yana can ɗakin sama yana barci. A nan Hajiya, wadda ta ce ita ba kallo take ba, carbinta kawai take ja, ta ajiye carbin.

"Wannan wace irin uwa ce? Su ba su da dangi ne a garin? Ba maƙwabta?"

Na ce, "Hajiya, maƙwabtan duk sun yi tafiya." Uwargida ta tuna mata cewa an taɓa barin ɗaya daga cikin jikokinta a gidan biki a Zariya har aka kai Mararraba ba wanda ya lura. Hajiya ta ce wannan daban.

Abin da ke burge ni da fim ɗin, ba ya neman ka iya Turanci. Yaron, Macaulay Culkin, da fuska yake magana. Ɓarayi biyun da suka zo fasa gidan su Kevin, gajere mai haƙorin zinariya da dogo marar wayo, su ma jikinsu ne ke ba da labari. Gajeren ma Joe Pesci ne, wanda a shekarar ya fito a fim ɗin 'yan daba da ya ba shi kyautar Oscar, amma ga shi nan yaro yana ƙona masa hula da wuta. Ga kiɗan John Williams da ke sa ka ji sanyin garin a jikinka. Kuma ba dariya kaɗai ba ce: akwai tsohon nan mai shebur da yara ke gudu suna cewa mugu ne, ashe kaɗaici ke damun sa, sun ɓata da ɗansa. Wurin da suka zauna da Kevin a coci suna hira, na ga uwargida tana goge ido da gefen mayafi, ta ce hazon hunturu ne.

Amma yaran ba wannan suka zo gani ba. Da aka kai wurin tarkunan da Kevin ya ɗana wa ɓarayin, falon ya kaure. An zuba ruwa a matakala ya daskare, ɓarawo ya zame. Dutsen guga ya faɗo wa dogon a fuska. Mariƙin ƙofa an gasa shi ja wur. Ƙusa a tafin ƙafa, gwangwanayen fenti suna lilo daga sama, gizo-gizo a kan hanci. Hajiya ta girgiza kai ta ce, "Waɗannan 'yan tauri ne. Mutum ba ya shan wannan ya tashi." Tana da gaskiya. Na lura babban ɗan Yaya, mai shekara goma sha biyu, shi ba ya dariya. Ya tattara hankali yana kallo. Na ji daɗi a raina, na ce yaron nan mai natsuwa ne.

Washegari mata suka tafi biki, Hajiya a gaba. Da la'asar na ce bari in je in samo man janareta, na ce wa babban, "Ka kula da gida, kada ka buɗe wa kowa." Ya ce, "To, Kawu," da wata irin murya ta soja. Layin gidan mai ya riƙe ni, majalisa ta ƙarasa, ban dawo ba sai bayan isha'i. Unguwa duhu, ba wuta, wayata ta mutu saboda 'yan caji. Na buga ƙofar gida, shiru. Na kira sunayensu, amma da yake na naɗe baki da hanci da rawani saboda ƙura, muryar da ta fita ko ni ban san ta ba. Daga ciki na ji ana raɗa: "Sun zo."

Sai na haura katanga. Gidana ne, ina da hakki.

A Kaduna ruwa ba ya daskarewa, yaran sun san da haka. Don haka suka ɗauko tukunyar miyar karkashin da Hajiya ta kaɗa da safe, suka shafe barandar da ita tun daga bakin matakala har ƙofar falo. Ƙafar dama ta tafi gabas, ta hagu ta tafi yamma, jarkar mai ta yi nata wuri, ni kuma na sauka a kan abin zama da ƙarar da ta tayar da kajin maƙwabta. Na yunƙura, na koma. Na sake yunƙurawa, na tafi da baya har sai da randa ta tare ni. Duk wanda ya ce karkashi abinci ne kawai bai taɓa taka shi da silifas ba.

Da rarrafe na isa ƙofa, na kama mariƙi. Alhamdu lillahi ba su gasa shi ba, manja suka shafa masa. Ina turawa bokitin ruwan randa ya kifo mini a ka, a daren hunturu. Kafin in gama salati, wani ya zazzage mini audugar matashin kai, ta manne ko'ina miya ta taɓa. Na taka cikin falo, ashe an baje goruba da aya a ƙasa. Ina ƙoƙarin tsayuwa sai buta cike da yashi ta taho a ɗaure da igiyar shanya, ta wuce kunnena da iska, ta dawo ta same ni a ƙeya. 'Yata ta cikina, mai shekara shida, ita aka ba aikin gizo-gizo. Ba ta samu ba, sai ta jefo mini kyankyaso.

"Ɓarawo! Ɓarawo!"

Nan fa dariya ta ƙare mini. Na ji usur ɗin 'yan sintiri daga bakin layi, na ji ƙofofi suna buɗewa. Wanda ya fara dirowa ta katanga maƙwabcina ne, dattijon da ke aiko mana da abincin Kirsimeti kowace shekara, da tocila a hannu ɗaya, shebur a ɗayan. Wallahi shebur. A fim ɗin ma da shebur tsohon ya buge ɓarayin, kuma na san yadda suka ƙare. Na ɗaga hannu biyu na ce, "Baba, ni ne!" Ya haska ni daga sama har ƙasa, fari fat da auduga, kore-kore da miya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam, kai ne ka koma tunkiya?" Ya zauna a kan hannun kujera yana dariya har da tari. 'Yan sintiri suka leƙo, suka gaishe ni cikin ladabi, suka fita waje suka fashe.

Da mata suka dawo, na zaci za a yi hukunci. Hajiya ta dubi baranda, ta dubi tukunya, ta ce, "Miyata!" Ba wanda ya tambayi ƙuguna. Uwargida ta ce ai ni na ce kada su buɗe wa kowa, kuma ba su buɗe ba. Yaya da aka gaya mata a waya cewa ta yi a ba ta ɗanta ta sa masa albarka.

Da safe ina kwance ana gasa mini baya da ruwan zafi, babban ya shigo ya durƙusa ya ba ni haƙuri yadda ya kamata. Sannan ya ce, "Kawu, an ce akwai na biyu, na 1992, wanda yaron ya ɓata a Niyok. Wai a can har bulo yake jefowa daga saman bene." Na leƙa ta taga. Bulon da na saya don ƙarin ɗaki suna nan jibge a tsakar gida, ga tsani a jingine da bango. Na ce masa ƙarya ne, ba a taɓa yin na biyu ba, na aika a kira mini mai kura ya kwashe bulon kafin azahar.